Wasiƙa daga unguwar Nima ta Accra a kan wani fim da ya ba ni haushi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Kano bai takura maka ba.

Daren Asabar na zauna na kalli wani fim na Amurka da na daɗe ina ɗokinsa, domin labarinsa ya shafi abin da muka sha tattaunawa tun muna yin wasan kwaikwayo a makaranta. A 1935, lokacin da talauci ya durƙusar da ƙasar, gwamnatin Shugaba Roosevelt ta fara ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo da sauran ma'aikatan gidajen wasa aiki, har suka haura 10,000, tana biyansu albashi, har zuwa 1939 da majalisa ta yanke kuɗin bisa zargin cewa suna yaɗa kwaminisanci. Labari ne mai nama, amma masu fim ɗin ƙashi kawai suka ba mu. Kowane mai kuɗi sun mai da shi wawa, kowane ɗan wasa waliyyi, sai ihu da jawabai, babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya fi ci mini rai: idan hukuma ce ke ciyar da ɗan wasa, har ina zai iya buɗe bakinsa a kanta, kuma me zai ci ranar da ta janye hannu?

Wallahi abin ya fi min ciwo saboda mu a nan Ghana mun ga irinsa da idonmu. Nkrumah ya zuba kuɗi a fasaha, ya kafa kamfanin fina-finai na ƙasa a 1964, amma a 1996 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari ga wani kamfani na Malesiya. Ɗakin wasan da marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland ta kafa ma rushe shi aka yi, aka gina babban gidan wasan ƙasa da Sinawa suka kammala a 1992. Ginin yana nan da kyaunsa, amma samarin zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi, da ke gwajin wasa a farfajiyar makarantar Islamiyya bayan sallar isha'i, daga aljihunsu suke hayar lasifika. Irin waɗannan fuskoki na nema a fim ɗin, ban same su ba.

Idan ka samu ka kalla, ka rubuto mini ra'ayinka, musamman kan zaman majalisar da ke kusa da ƙarshe, domin nan ne kaɗai na ga ɗan ƙoƙari. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Nima, Accra