Barka da Sallah daga Amurka, da Labarin Wasiƙun Lincoln

Zuwa ga Baba da Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Babbar Sallah, Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana. Mun yi Idi lafiya, sai dai ragona ban gan shi da ransa ba, domin a wata gona bayan gari aka yanka, aka kawo mini naman a cikin leda.

Bana Sallah ta faɗo daf da hutun 19 ga Yuni, ranar da ake tunawa da yadda sojojin tarayya suka shiga Galveston ta jihar Texas a 1865, suka shaida wa bayin da ke can cewa sun zama 'ya'ya. Da yake babu aiki, sai na cika alkawarin da na yi wa Baba, na shiga Washinton na ziyarci ginin tunawa da Abraham Lincoln, shugaban Amurka a lokacin yaƙin basasarsu, wanda Baba ya sha ba ɗalibansa labarinsa. A bangon hagu an sassaƙa jawabinsa na Gettysburg, garin da aka gwabza babban gumurzu a yaƙin, na 19 ga Nuwamba 1863, wanda bai kai kalma 300 ba, ya kuma gama shi cikin minti biyu, alhali Edward Everett da ya gabace shi ya shafe awa biyu yana magana. Na tarar da wata tsohuwa baƙar fata tana karanta wa jikarta shi kalma bayan kalma, tana nuni da sandarta, yarinyar kuwa hankalinta na kan alewar da ke narke mata a hannu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, Baba, shi ne wasiƙunsa da na koma gida na karanta, domin mutumin da ke cikinsu ya fi na jikin bango wuyar sha'ani. A watan Agusta 1862 ya rubuta wa wani editan jarida, Horace Greeley, cewa babban burinsa a yaƙin shi ne ceton tarayyar ƙasar, kuma da zai iya cetonta ba tare da ya 'yanta bawa ko ɗaya ba, da ya yi, da zai iya ta hanyar 'yanta su duka, da ya yi. Da na karanta wannan raina ya sosu, saboda ana maganar mutum kusan miliyan 4 ne. Daga baya na gane cewa a lokacin da yake rubuta wasiƙar ya riga ya nuna wa ministocinsa daftarin shelar 'yanta bayi, yana jiran nasara a fagen daga kafin ya fito da ita, don kada a ce kukan wanda aka kayar ne. Bayan gumurzun Antietam ya sanar da ita a watan Satumba, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863. Duk da haka ba zan wanke shi tas ba, domin shelar ta tsaya ne a kan jihohin da suka yi tawaye. Bayin jihar Maryland, inda nake zaune, sai a Nuwamba 1864 suka sami 'yanci, haramta bauta a ƙasar baki ɗaya kuwa sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na 13 a 1865.

Akwai wasiƙu biyu da ya rubuta kwana ɗaya tsakani, waɗanda na karanta fiye da sau uku. Ranar 13 ga Yuli 1863 ya rubuta wa Janar Grant na sojojin tarayya, bayan ya ci garin Vicksburg, cewa a da yana ganin dabararsa kuskure ce, amma yanzu yana so ya amsa da kansa cewa Grant ne ke da gaskiya, shi ne ya yi kuskure. Washegari ya rubuta wa wani janar ɗinsa, Meade, wasiƙa mai zafi, don ya bar rundunar Janar Lee na 'yan tawaye ta ƙetare kogin Potomac bayan an ci ta a Gettysburg, yana cewa wannan sakaci zai ja yaƙin har illa ma sha Allahu. Sai ya naɗe ta, ya rubuta a bayan ambulan cewa ba a sa mata hannu ba, ba a kuma aika ba. Na tuna saƙon fushi da na tura wa Yaya bara kan maganar fili, wanda da na bar shi ya kwana a wayata da ba a kai ga sulhu a gaban Kawu ba.

A bangon dama akwai jawabin rantsar da shi karo na biyu, na 4 ga Maris 1865, inda ya ce ɓangarorin biyu littafi ɗaya suke karantawa, Ubangiji ɗaya suke roƙo, kowa na neman nasara a kan ɗan'uwansa, kuma idan Allah Ya so a biya kowane ɗigon jinin da bulala ta zubar da wanda takobi zai zubar, to hukuncinSa adalci ne. Sannan ya nemi a ɗaure raunukan ƙasa ba tare da riƙon kowa a zuci ba. Nan na tuna yadda Baba yake ba mu labarin shelar Janar Gowon ta 1970, cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Shi Lincoln bai ga yadda sulhun ya kaya ba, domin an harbe shi ranar 14 ga Afrilu, kwana biyar bayan Lee ya miƙa wuya, ya cika washegari da safe.

Na ɗauki hotunan bangon biyu, zan turo ta wayar Auta don ta buɗe wa Baba su da girma. A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da Yaya da iyalinsa, Umma kuma ta ajiye mini soyayyen nama ko da kaɗan ne.

Wassalam,
Ɗanku mai neman albarkarku.