Facalata ta kai ƙarata wurin dattawa saboda kasuwar Lahadi

Zuwa ga Baba Fasto mai amsa wasiƙun masu sauraro,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara da dukan ma'aikatan gidan rediyo. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, 'ya'yana huɗu. Tun da farko ina roƙonka kada ka faɗi sunana ko unguwarmu, don mutanen majami'armu da yawa suna jin shirinka, har da wadda zan yi magana a kanta. In ta gane kanta, ruwanta.

Baba, tambayata ita ce, zunubi ne mace ta je kasuwa ranar Lahadi ta nemo wa 'ya'yanta abinci? Domin a kan wannan aka tsaya a gaban ikilisiya ranar Lahadin da ta wuce, bayan an gama karɓar baiko, aka yi sanarwa cewa an dakatar da ni daga riƙon kuɗin zumuntar mata, kuma kada in ci Jibin Ubangiji sai dattawa sun sake zama. Ni ba na wurin ma. 'Yata ta biyu ce ke zaune cikin 'yan kwaya, ita ta ji da kunnenta. Na dawo daga kasuwar Pitowa da magariba, jikina duk ƙaurin banda, na tarar da ita kwance da rigar kwaya ba ta ko cire ba, tuwonta a rufe. Sai da ƙaninta ya gaya mini abin da ya faru. Yarinyar da ke ajin baftisma, Baba. Yanzu ta ce ba za ta ƙara taka majami'ar ba.

Bari in yi maka bayanin sana'ar, don wanda bai san ta ba zai ɗauka son kuɗi ne. Kifin banda nake sayarwa, tarwaɗa da karfasa, wani lokaci giwan ruwa in an samu. Daga Lagdo nake saro shi, wurin masunta da matan da ke yin banda a bakin tafkin. Tun da aka gama madatsar ruwan Lagdo a 1982 mutane suka cika wurin daga ko'ina, Musgum da Kotoko da Hausawa da 'yan Najeriya, amma kifin yanzu ba kamar na da ba ne, ya yi ƙaranci, ya yi tsada. In ka saro kwali, ba zai jira ka ba. Da zafin Garwa ƙwari ke shiga su mai da shi gari, da damina kuma ya yi fumfuna. Ina ɗan kasawa a bakin hanya cikin mako, amma wannan cinikin na kuɗin gishiri da magi ne. Cinikin da ke fitar da uwar kuɗi a Pitowa yake, kamar kilomita 15 daga nan a kan hanyar Marwa, kuma kasuwar Pitowa ranar Lahadi take ci. Ba ni na sa mata rana ba. Tun ina ƙarama haka na taso na gan ta. Ranar ce mutanen ƙauyuka ke shigowa, masu sari su zo daga nesa, balle lokacin da manoma suka karɓi kuɗin auduga daga kamfanin Sodecoton. Wanda bai isa da sassafe ba ya rasa wurin kasa kaya. Mu kuma sujadarmu sai rana ta ɗaga ake tashi, don ana fassara wa'azi daga Faransanci zuwa Fulatanci da Hausa. To yaya zan raba kaina biyu?

Kuma da ba na zuwa. Allah ne shaidata, shekara da shekaru bencina ba ya zama wofi. Maigidana ne ke riƙe da gida, yana sayar da man fetur na kwalba, wanda muke kira zuwa-zuwa, da ake shigo da shi daga Najeriya. Da gwamnatin can ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin ya tashi, ribar ta mutu, jarinsa ya narke muna kallo. Ya gwada acaba da mashin ɗin wani, bayansa ya hana shi. Ba raggo ba ne, kada wani ya ji ya ce haka. Amma kuɗin haya ba ya jin ciwon baya, kuɗin makaranta ma haka, ga babbar 'yata tana shirin jarrabawar BEPC a lokacin. Shi ne na ɗaura ɗamara na fita.

Yanzu ita wannan matar. Facalata ce, matar yayan mijina. Baba, a watan Oktoba na 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi, su da 'ya'yansu suka tsallako iyaka da ƙafa, ba su da ko tsinke sai kayan jikinsu. Wasu sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo suka ƙare, can wajen Mokolo. Su kuwa gidana suka sauka. Na ba ta ɗakina, ni da yara muka koma rumfa. Zanen da ta fara shiga majami'armu da shi nawa ne. Ni na kama hannunta na kai ta zumuntar mata, ni na nuna mata kasuwa, ni nake mata tafinta don ba ta jin Fulatanci balle Faransanci. Ƙafarta da ta kumbura da tafiya, ni na yi ta gasa mata da ruwan zafi. Yau Allah ya buɗa musu, tana da shagon atamfa, an zaɓe ta mataimakiyar shugabar zumunta, sai ta zama mai tsaron ƙofar sama. Shagonta a rufe yake ranar Lahadi, haka ne, amma duk unguwa ta san masu saye suna bi ta ƙofar gida da yamma. Wannan ba ciniki ba ne? Ko kuwa Lahadi tana ƙarewa da an ce amin?

Na san abin da ke cikin Littafi, ba jahila ba ce ni. Na san Fitowa 20 ta ce a tuna da ranar Asabar a kiyaye ta da tsarki. Na san Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwarmu, ita ce ayar da suke ta jifana da ita. Amma ni ban bar taruwa ba. Addu'ar Laraba ba ta wuce ni, taron zumunta ma haka, shara da wankin benci ranar Asabar ina ciki. Kuma ba Yesu da bakinsa ya ce a Markus 2:27 an yi Asabar domin mutum ba, ba mutum domin Asabar ba? A Luka 14 bai tambaye su ba, wa sansa zai faɗa rijiya ranar Asabar ya ƙi ciro shi nan take? Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni, 1 Timoti 5:8, na ja layi a ƙarƙashinta da biro. Ranar da nake Pitowa ma ba na fara ciniki sai na sunkuyar da kai na yi addu'a, maƙwabciyata a kasuwa Musulma ce, har ta saba, in mai saye ya zo sai ta ce masa ya ɗan dakata. Akwai ma'aikaciyar jinya a cikinmu da ke aiki ranar Lahadi, akwai ɗan sanda, ba wanda ya taɓa kiran sunansu a gaban jama'a. Su aikinsu na albashi ne, nawa na tire, shi ke nan bambancin da na gani.

Sun ce wai sun aiko a kira ni ban je ba. Gaskiya ne sun aiko. Amma dattawan ranar Lahadi bayan sujada suke zama, to ina za su same ni? Na aika wa Mama Fasto cewa a sa wata rana, ban sani ba ko saƙon ya isa, don ta hannun facalar tawa na aika.

Maganar kuɗin zumunta kuwa, tun da na san za su kawo ta, gara in faɗa maka da kaina. Muna tara kuɗin zanen zumunta ne, sefa dubu 85 suka taru a hannuna, kuma ba za a sayi zanen ba sai kusan Kirsimeti. Kuɗi na kwance cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, ga yara za su koma makaranta a watan Satumba. Sai na ɗauki dubu 40 na ƙara a jari, da niyyar in juya in mayar kafin a nema. Kowace mace mai riƙon adashi ta san ana yin haka. Ruwa ne ya cuce ni, ya bugi kwalayen a kan mota, rabin kifin ya lalace. Duk da haka na riga na mayar da dubu 15, sauran ma ina kan hanya, ban ce ba zan biya ba. Ba sata ba ce. Kuma mutum ɗaya tak na gaya wa a duniya, ita, a cikin ɗakinta, muna tsinke zogale, ta dafa kafaɗata ta ce, "Haba Yaya, kada ki damu, wannan tsakaninmu ne." Yaya take ce mini ko da yake mijinta ne babba, don na girme ta. Bayan haka ba ta sake ce mini uffan ba, sai sanarwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Matiyu 18:15 ba ta ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu kaɗai ba? In bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai daga ƙarshe a kai wa ikilisiya. Ita ta tsallake duka ta faɗa na ƙarshe. To wa ya karya Littafi tsakanina da ita? Me ya sa ni aka hana teburi, ita tana gaba tana raba waƙa? Kuma a sanarwar ba su ambaci kuɗin ba, cewa suka yi "rashin zuwa sujada da wasu al'amura". Wannan "wasu al'amura" ya fi a faɗi gaskiya muni, don yanzu kowa da abin da yake sakawa a ciki. Har an ce wai akwai wani direba a Pitowa. Ni, Baba! Da furfurata.

Ina zargin tun maganar filin surukinmu marigayi take riƙe da ni, don ni ce na hana maigidana sa hannu a sayar. Amma wannan doguwar magana ce.

Maigidana ya ce in je in durƙusa wa dattawa in ce na tuba, a wuce wurin. Shi ba ya son abin da zai haɗa shi da yayansa, kuma na lura tun ranar bai kalli idona sosai ba. Na ce masa in tuba daga me? In na ce na daina zuwa Pitowa, ƙarya na yi a gaban Allah, don Lahadi mai zuwa ma zan je, kifin yana nan a ɗaki. In ikilisiya za ta ciyar da 'ya'yana, gobe ma sai in zauna. Wata maƙwabciyata kuma tana ta jana zuwa wata sabuwar majami'a da ke yin addu'ar dare, ta ce can ba a bin mutum da rajista, wai ma facalata ce ta ɗaure mini kasuwa, a je a karya. Ban yarda da wannan ba, ko kuwa in ce ban sani ba. A majami'armu aka ɗaura mini aure, a nan aka yi wa mahaifiyata sujadar jana'iza. In fita in bar wa baƙuwa?

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun ranar, in muka taru da yara za mu yi Addu'ar Ubangiji kafin barci, da na iso wurin da ake cewa a gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai bakina ya tsaya. Yara su wuce, ni in yi shiru in kama su a gaba. Ƙaramin ya lura, ya tambaye ni ko na manta ne. Na san amsar da Yesu ya ba Bitrus, bakwai har sau saba'in, tun muna makarantar Lahadi muke haddace ta. Amma ita ba ta nemi gafara ba. Jiya muka haɗu a famfo, ta gaishe ni da fara'a, har da tambayar ya jikin maigida, kamar ba abin da ya faru. Ana gafarta wa wanda bai ma yarda ya yi laifi ba? Kuma Matiyu 5 da ta ce ka bar baikonka a bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka, wa ya kamata ya taka zuwa gidan wani, ni ko ita? In na mutu cikin wannan hali, an hana ni Jibi, zuciyata kuma a ƙulle, ina zan dosa? Wannan ke hana ni barci.

Don Allah, Baba, kada ka ce mini haƙuri kawai, kowa haƙuri yake ce mini. Ga shi 'yarta ta fari za a yi wa aure wata mai zuwa, kuma a al'adar gidan ni ce zan tsaya a kan tukwane, in kawo gudummawa, in raka amarya ɗakinta. Yarinyar ba ruwanta, a bayana ta yi wayo lokacin da suke gidana. In na je, za a ce na amsa laifi, kuma kuɗin da zan kai gudummawa ai za su ce na zumunta ne. In ban je ba, dangin miji za su ce na raba 'yan'uwa. An riga an aiko mini da ankon, yana nan cikin leda ban buɗe ba, kuma tela ya ce in ba a kai masa cikin makon nan ba, ba zai karɓa ba. In kai ko in mayar mata da abinta?

Taka cikin Almasihu,
Wata 'yarka daga Garwa