Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: A Duba Hannun Masu Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan wani dattijo ne da ake yi wa wankin ƙoda a nan birni, tsohon ɗan kasuwar Kantin Kwari wanda hawan jini ya cinye masa ƙoda a ɓoye. Ba kukan tsadar wanki na kawo ba, wannan kunnenka ya saba da shi. Maganata a kan hanyar da jini yake bi ya fita daga jikin majinyaci ya shiga na'ura ya dawo ce.

Ka fi ni sani, amma saboda masu karatu: na'urar wanki tana jan jini kusan mililita 300 a minti ɗaya, awa huɗu a jere, kuma jijiyar hannu ta yau da kullum ba za ta iya ba da wannan ba. Shi ya sa ake zura roba a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi, ko kuma a yi ƙaramar tiyata a haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, har ta biyun ta yi kauri ta jure allura. Wannan haɗin shi ake kira fistula, kuma tun 1966 likitoci a Amurka suka fito da shi. Ranar da aka fara ambata mana sunan, Hajiyarmu salati ta saka, don ita a saninta fistula yoyon fitsari ne na mata. Sai da wata nas ta zana mata hannu a bayan katin asibiti hankalinta ya kwanta.

Mu da roba muka fara, kamar yawancin waɗanda na tarar a bencin jiran wanki, domin sai da ƙafa ta kumbura, amai da shaƙuwa suka hana barci, sannan muka je asibiti. Ranka ya daɗe, ka kwatanta mutum da roba a wuya cikin zafin watan Afrilu na Kano. Gumi yana ɓamɓare filasta. An ce kada ruwa ya taɓa wurin, ga shi Baba da bokiti da kwano yake wanka tun yana yaro. Ga ƙurar hanya a cikin Adaidaita Sahu, ga cunkoso. Sati na biyar ana tsakiyar wanki sanyi ya kama shi, haƙora suna haɗuwa, gado yana girgiza. Ƙwayoyin cuta ne suka bi robar suka shiga jini. Abin da muka kashe a kwanciya da allurai na kwana goma ya fi kuɗin tiyatar da muke ta ɗagawa muna cewa sai an samu hali. Gudun gara, mun faɗa gidan zago.

Da muka je tiyatar kuma sai ga wani abin takaici. Likita ya laluba wuyan hannun hagu, ya girgiza kai. Jijiyoyin wurin duk sun ƙandare saboda ƙarin ruwa da ɗibar jinin da aka yi ta yi shekara da shekaru, wani a asibiti, wani a kemis ɗin unguwa. Dole ya haura gwiwar hannu. A lokacin na fara jin cewa duk wanda ƙodarsa ta fara rauni, kamata ya yi a bar masa jijiyoyin damtse da na tsintsiyar hannun da ba ya aiki da shi, in za a ɗebi jini a nema a bayan tafin hannu. Magana ce da ba ta cin ko sisi, amma ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Fistula ba ta nuna sai bayan sati shida zuwa wata uku, wani lokaci fiye. Yanzu ta Baba ta kama. Kullum bayan sallar asuba nakan ɗora yatsu biyu a wurin, in ji tana zirr, zirr, kamar injin markaɗe daga nesa. An gaya mana ranar da wannan motsi ya ɗauke, kada mu jira gari ya waye, jini ne ya daskare a ciki. Ba ya kwanciya a kan hannun, ya ajiye agogo, an buɗa hannun rigunansa, kuma mutumin da ya saba saɓa dilar atamfa yanzu ko jarkar ruwa ba ma barin ya ɗauka da hagu. Duk da haka, ran nan na tarar da wani yaro a kemis ya riga ya naɗa masa abin awon jini a wannan hannu yana shirin matsa iska. Baba ya yi shiru don kunya. Wani maƙwabcinmu a benci ba a tare masa ba, an sa masa ƙarin ruwa a hannun fistula, ta mutu, yau ya koma robar wuya.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda haka masu ilimin suna nan cikinmu. Roƙona, a sa tiyatar fistula cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA ko asusun tallafin lafiya na jiha, wato KHETFUND, za su ɗauka ko su rage wa marasa ƙarfi, a kuma riƙa tura mutum tun kafin ya kai ga wankin gaggawa. Mai ciwon suga da mai hawan jini da suke zuwa ganin likita duk wata, a duba ƙodarsu, in ta fara gazawa a nuna musu hannun da za su killace.

Sauran kuwa aikin faɗakarwa ne. A ba kowane mai fistula ɗan abin ɗaurawa a ɗaya hannun, ko kati na aljihu, da rubutun Hausa da ajami: kada a auna jini, kada a ɗebi jini, kada a sa ƙarin ruwa a hannu kaza. A kai wannan darasi ga ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da masu kemis, don su ne farkon waɗanda talaka yake zuwa wurinsu. Gidajen rediyonmu ma, da kowa yake rungume da su, minti biyar a mako ya isa a koya wa iyali yadda za su danne wurin allura da tsumma mai tsabta in jini ya ɓalle a gida, da alamomin da ba a kwana da su: ja, zafi, kumburi, ruwa ko zazzaɓi.

In ka samu sarari, ranka ya daɗe, ka leƙa kowane ɗakin wanki da safe ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga wuya nawa ne da filasta, hannu nawa ne da fistula.

Wassalam.

Naka,
ɗan wani majinyaci, daga Gwale.