Wasiƙa: Maganar "sauro ya saba da magani" tana buƙatar gyara

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum, barka da aiki. Na karanta rahotonku kan zazzaɓin cizon sauro a wannan damina, kuma ya yi amfani. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a rai, inda aka ce sauro "ya saba" da magani. Haka ake faɗa a majalisunmu na Agege da Idi-Araba. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, na daɗe ina gyara wannan kalma a aji, shi ya sa nake roƙon ɗan fili.

Sauro guda ba ya sabawa da komai, kwanansa a duniya makonni ne kacal. Abin da ke faruwa shi ne tankaɗe. Idan aka fesa magani ko aka rataya gidan sauro mai magani, yawancinsu sukan mutu. Amma ko 'yan uwa ciki ɗaya ba sa zama ɗaya, haka ma sauro. Akwai 'yan kaɗan da ake ƙyanƙyashewa da wani bambanci a ƙwayoyin gadonsu, wanda ke hana gubar kama jijiyoyinsu sosai, ko kuma jikinsu ya narkar da ita da wuri. Su ne ke tsallake rariya. Macen takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a kududdufin ruwan sama, kuma a zafin Legas kwana goma zuwa sha biyu sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. A lissafa zuriya nawa ke nan a shekara ɗaya. Bayan 'yan shekaru, jikokin waɗanda suka tsira su ne suka cika unguwa.

Wannan shi ne abin da Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859, kuma Alfred Wallace ya gano shi a kusan lokaci guda. Ɗan manomi ba baƙo ba ne ga maganar. Mahaifina yakan ware zangarniyar gero mafi cika ya ajiye don iri, ya tuge shibra ya yar. Shi da niyya yake zaɓe. A wajen sauro kuwa muhalli ne ke yin zaɓen, kuma maganin da muka fesa ya shiga cikin muhallinsa.

Haka abin yake ga ƙwayar cutar zazzaɓin da sauro ke ɗauka. Tsararrakina sun tuna maganin zazzaɓi kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa. A da yana warkarwa. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara samun ƙwayar cutar da ba ta jinsa a yankin iyakar Tailan da Kambodiya, a 1978 aka same ta a Gabashin Afirka, daga ƙarshe Najeriya ta sauya zuwa haɗin magungunan ACT a wajajen 2005. Nan ne damuwata take. Ina ganin 'yan uwanmu masu dako a kasuwar Mile 12 da 'yan acaɓa, mutum ya sayi magani a kemis, ya sha kwana ɗaya, jiki ya yi sauƙi, ya ajiye saura don gaba ko ya ba abokin kwanansa. Ban zarge su ba, na san yadda kuɗi yake a garin nan. Amma maganin ACT na kwana uku ne, kuma wanda ya katse shi ya kashe ƙwayoyin cuta masu rauni ya bar masu taurin kai a jininsa. An riga an ga alamun ƙwayar cutar na bijire wa wannan sabon magani a Ruwanda da Yuganda.

Tankaɗen nan bai bar mu ba mu ma. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, wato sun gaji ƙwayar gadon sikila daga ɗaya cikin iyayensu kawai. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Yaran AS sun fi tsira su girma su haihu a ƙasar sauro, sai gadon ya yaɗu. Ɗacinsa shi ne idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Na koyar da yara masu ita, na ga kujerarsu babu kowa mako biyu ko uku a jere.

Ta wannan hanya kuma sabon jinsi ke fitowa, idan rukuni biyu suka daɗe suna rayuwa daban har suka rage barbara da juna. Sauron zazzaɓi na Afirka ta Yamma da aka ɗauka jinsi ɗaya ne, a 2013 masana suka raba shi biyu: Anopheles gambiae, mai son ruwan sama da ke kwanciya na ɗan lokaci, da Anopheles coluzzii, wanda ya fi jure ruwa mai daɗewa irin na gonar shinkafa. Da ido ba a bambanta su.

Ɗalibai sukan tambaye ni, "Malam, wannan bai ci karo da imani ba?" Nakan ce batun halittar Annabi Adamu, alaihissalam, na bar wa malamanmu. Abin da nake nuna musu ana ganinsa ana auna shi, kuma a wajena yana cikin sabubban da Allah Ya shimfiɗa a halittarSa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku tura wakilinku Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba, inda ake gwajin sauro da magunguna, ya yi hira da masanan a kawo mana da Hausa, kafin damina ta wuce.

Naku,
Malamin makaranta, Agege, Legas