Ummi, kar ki sake ki kai shi kemis

Ummi ya gida ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga hoton ƙurajen da suka feso a bayan angon nawa da kika turo a WhatsApp, kika ce wai maleriya ce tunda sauro ya cije shi. To ki sani maleriya ba ta cika zuwa da ƙuraje ba, shi yasa nake roƙonki kar ki kai shi kemis a haɗa masa maleriya da taifot a leda ɗaya kamar yadda aka saba. Ki kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero gobe da sassafe a ɗau jini, gwajin maleriya minti 15 zuwa 20 ne ya fito.

Abin da zai taimaki likita shi ne labarin da za ki ba shi, don haka ki zauna ki tuna. Yaushe zazzaɓin ya fara, kwana nawa kafin ƙurajen su feso, daga ina suka fara. In daga bayan kunne ne da fuska ga tari ga jan ido to ƙyanda ce, ba ruwanta da cizo. Sannan akwai sauron nan baƙi mai ɗigon fari a ƙafa da yake cizo da rana, a tsohuwar taya da randa yake ƙyanƙyasa, shi ke kawo dengi, wadda aka samu a Sakkwato a 2023, tana zuwa da ciwon bayan ido da na gaɓoɓi. Kuma tunda kullum yana wajen ragon babansa ki duba hammata, matsematsi da cikin gashi, inda kaska ta ciza yakan bar ɗan baƙin ɓawo kamar ƙunar taba, ki nuna wa likita don maganinsa daban ne. Ki tafi da kwalin duk maganin da ya sha, Septrin ma kansa yana feso da ƙuraje.

Kafin nan farasitamol kawai, banda asfirin banda ibuprofen, in dengi ce suna iya jawo zubar jini. Ruwa kam ki ta ɗura masa. Ki danna kofin gilashi akan ƙurajen, in ba su dusashe ba, ko wuyansa ya sanƙare, ko haɓo ko jini a dasashi, wallahi kar ki jira gari ya waye ku tafi a daren, ki kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ki gaida maigidan naki.

Mamanki