Adon Mota Na Kwana Uku Ba Ya Buƙatar Fentin Dindindin

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin jan hankalin masu ƙawata motoci da Keke Napep lokacin biki, sallah ko kamfe a nan Kaduna. Da yawa sukan fesa sunan amarya ko na ɗan takara da fentin gwangwani, in an watse su ɗauko tina, wato ruwan narkar da fenti, don gogewa. Ita kuwa tina ba ruwanta da wane fenti ne na jiya wane ne na kamfani, tare take cinye su.

Fentin da ake cirewa iri biyu ne. Akwai na ruwa da sabulu ke wankewa, amma a duba jikin kwalbar, don fentin akirilik na gama-gari in ya bushe ba ya jin ruwa. A damina ma ba mu ba da shawarar na ruwan ba. Akwai kuma na roba, irin su Plasti Dip, wanda ake ɓarewa da hannu. Mu mun fi yarda a shimfiɗa robar tukuna, a yi zanen a kanta.

A wanke motar tas, a cire folish da maiƙo, ta bushe a inuwa. A sa takarda da tef a rufe gilashi, fitilu da lamba, kada a jawo maganar KASTLEA ko Road Safety. Sai a fesa robar sau huɗu zuwa shida, da ratar minti 15 zuwa 30. Nan masu rowa ke faɗuwa: feshi biyu kacal bai yi kaurin da zai ɓaru ba, sai ya riƙa yagewa guntu-guntu, a wuni ana kankara da farce. A zare tef ɗin gefe tun feshin ƙarshe bai bushe ba, in ba haka ba zai taso da robar.

Zanen kansa da ƙaramar bindigar feshi ake yi, mai allura milimita 0.3 zuwa 0.5, ƙarfin iska a ma'aunin PSI 20 zuwa 30, tazara kamar santimita 10 zuwa 15. A tsinka fentin ya yi ruwan madara, a tace. In bindiga na tofi, ko dai fenti ya bushe a bakin allura, ko ruwa ya taru a kwampireso, wato injin da ke turo iska, a buɗe shi ya tsiyaye. Bodi mai zafi na busar da fenti kafin ya kwanta, sai ya yi kaushi. Ƙurar hunturu ma haka, gara a yi aikin cikin rumfa a yayyafa wa ƙasa ruwa.

Ba kowace mota ke ɗauka ba. Wadda fentinta ya koɗe har yana barin gari a hannu za ta sha launin, musamman ja a kan fari. Wadda aka yi wa sabon fenti a bar ta aƙalla wata guda. A fara gwadawa a cikin ƙofa, kuma a nisanci bakin tanki, don fetur na narkar da robar.

Daga wasu masu fentin mota,
Panteka, Kaduna.