Naka sai naka, amma a karasa karin maganar

Malam Edita, assalamu alaikum. Daga Gadarif nake rubuto maka nan Sudan, inda muka sauka tunda yaki ya taso mu daga Khartum a 2023. Gardama ce ta kaure a majalisar mu ran Juma'a bayan la'asar ana shan shayi, akan wani lauya makwabcin mu, Balarabe ne ba Bahaushe ba, da yake ta mana zirga zirga kan takardun filin islamiyya ko sisi bai karba ba. Wani dattijon mu ya ajiye kofi yace shi fa bai yarda a rika budewa bare ciki ba, naka sai naka. Nace Baba ai ba'a nan maganar ta tsaya ba, cewa akai dadin zama sai bare.

Shine na basu labarin wani Ba'amurke Thomas Kane da yan darikar Mormon, wata darikar addini ce da ta taso a Amurka. Kar wani yace akidarsu nake talla, wallahi ko kusa, zaman hijirarsu ne ya min kama da na kakannin mu da suka baro gida bayan yakin Burmi a 1903 har suka kafa Mai Wurno. Su ma kashe shugabansu Joseph Smith akai a 1844, aka kore su daga garinsu Nauvoo a 1846, sabon shugabansu Brigham Young ya ja su yamma. Shi Kane dan alkali ne daga Filadelfiya, shekarar sa 24 lokacin, ya biyo su har sansaninsu na bakin kogin Misuri, zazzabi ya kada shi kamar bazai tashi ba, mutanen da kansu a tanti suke kwana su sukai jinyar sa. Daga nan shikenan amana ta kullu, shi da Young suka rika musayar wasiku har Young ya rasu a 1877, shekara talatin da doriya kenan, kuma bai taba shiga darikar ba.

Inda nafi so Baba yaji shine wajen da suka kunyata shi. Kane ya tsaya gaban manyan gwamnati yana karyata cewa suna auren mace fiye da daya, abinda mutanen Amurka suke kyama sosai lokacin, ashe gaskiya ne boye masa akai, sai a 1851 wani jigonsu ya fada masa, a 1852 suka fito fili suka sanar. Ka duba fa, mutum ya sa mutuncinsa a gaba saboda ku sannan a barshi a duhu. Abin ya masa ciwo matuka, amma bai juya musu baya ba. Da shugaban Amurka Buchanan ya tura musu sojoji wajen 2,500 Yuta, yankin da suka je suka zauna, a 1857, Kane ne ya shiga jirgin ruwa ta Fanama ya bullo Kalifoniya da sunan bogi wai Dokta Osborne, ya iso birninsu Salt Lake a Fabrairun 1858 cikin tsananin sanyi, yayi ta kai gwauro yana kai mari tsakanin Young da sansanin soja har ya rako sabon gwamnan da Buchanan ya nada, Alfred Cumming, cikin gari a watan Afrilu ba'a gwabza ba. Daga baya har kan wasiyyar Young da raba dukiyarsa da ta coci ya bada shawara, yanzu haka akwai gunduma a Yuta mai sunansa.

Mu da muka karanta sira ma ai bai kamata abin ya zame mana bako ba, ranar hijira wanda ya nuna wa Annabi SAW da Sayyidina Abubakar hanya Abdullahi bn Uraikit ne, kuma a lokacin kan addinin mutanensa yake.

Baba yayi shiru yana juya carbi, don ya san inda na dosa. Akwai wata takarda da muka boyewa lauyan nan, ta wani bangaren filin da magada ke jayayya akai, wai kar ya raina mu. Gobe in Allah ya kaimu ni da limamin mu zamu kai masa ita, Baba yace shi dai bazai je ba amma a gaishe shi.

Naka,
wani mai karatu daga Gadarif, Sudan